Goggo Ta Dama Fura da Bincikena

Na buɗe firji, wayam, babu kwalabena!

Nono ne da na bi rugagen Gude da Durun na tattaro, kowace ruga da kwalbarta, don binciken digirina na biyu kan ƙwayoyin da ke mayar da madara kindirmo. Shanun kuwa sun tafi kudu, sai damina.

Goggon mijina ta ce, "Haba amarya, nono a kwalba kamar maganin tari? Na haɗe su na dama wa baƙi fura."

A littattafan soyayya, a nan miji ke share wa matarsa hawaye. Nawa lashe ludayi ya yi, ya ce, "Wallahi bincikenki ya yi garɗi."

Jama'a, tsakanin su biyun, da wa zan fara?