Turancin Baba a Bakin Inna

Shekarun baya, lokacin da nake ganin na fi kowa sani a gidanmu, babu abin da ke ƙular da ni kamar Turancin mahaifina. Tsohon hedimasta ne a ƙauyenmu da ke gefen Bagwai. Da ya yi ritaya ya koma noman rani a bakin dam ɗin Watari, ya ajiye alli amma bai ajiye Turancin ba. Ba wai da Turanci yake hira ba. Hausarsa yake yi tsaf, sai dai akwai wasu kalmomi da suka liƙe masa a harshe. Da “You see” yake buɗe baki. In zai musa maka magana, sai “As a matter of fact”. In zai rufe zance kuwa, sai ya ɗaga ɗan yatsa ya ce “At the end of the day”, ko da da sassafe ne.

Da dillalin tumatir haka yake yi, da liman haka, da akuyar da ta shiga masa albasa ma haka. Tsofaffin ɗalibansa, wasu har da furfurarsu, Malam You See suke kiransa a bayan ido. Da na dawo hutu daga kwaleji ina ji da kaina, na zaunar da shi na yi masa bayani cewa malaminmu ya ce irin waɗannan kalmomin cikon baki ne kawai, ba sa ƙara wa magana komai. Ya saurare ni har na gama, ya gyaɗa kai, ya ce, “You see, 'yata, as a matter of fact kin yi gaskiya.” Daga ranar na haƙura da gyara shi.

Mahaifiyata ba ta taɓa shiga ajin boko ba, kuma ita ta fi kowa shan wahalar abin. “Malam, ni fa ba 'yar ajinka ba ce,” take cewa. “In kunu kake so ka ce kunu. Wannan yusi-yusin naka ya ishe ni.”

Bayan na yi aure a Kano, wata rana da hantsi aka kira ni cewa Baba ya faɗi a gona. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mun jima a asibiti. Ƙafar ta fara motsi, hannun ma kaɗan, amma maganar ta tafi. Abu ɗaya ya rage masa a baki, “You see”. Ko ruwa yake so, ko a juya shi, ko sunana yake son kira, shi ke fitowa. Likita ya ce mana yana fahimtar duk abin da ake faɗa, kuma dole ya riƙa ƙoƙarin magana yanzu da abin yake sabo. In ya yi shiru aka ɗau lokaci, mai yiwuwa ta tafi ke nan.

Muka dawo ƙauye, na zauna taya Inna jinya. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa. Rannan wasu tsofaffin ɗalibansa suka durƙusa a gabansa, ɗaya ya ce, “Malam, ya jiki?” Na ga yadda Baba ya tattara ƙarfinsa yana so ya ce da sauƙi. Abin da ya fito shi ne, “You see... you see... you see.” Dariya ta kuɓuce wa ɗayansu. Ba da mugunta ya yi ba, nan take ya toshe baki, amma Baba ya ji. Ya juya fuskarsa ga bango, kuma daga ranar ya rufe bakinsa ruf.

Babu dabarar da ban yi ba. In ɗauko kofi in nuna masa in ce, “Baba, ce kofi.” In ɗauko cokali, haka. Sai ya kalle ni irin kallon da hedimasta ke yi wa malamin da ya zo aiki a makare, ya lumshe ido. Yayana ya zo da hotuna a waya yana tambayarsa wane ne wannan, shi ma kallon ya samu. Kwanaki suna ta wucewa, maganar likita tana cina a rai. Nakan zagaya bayan rumbu in yi kuka, ni da na yi shekaru ina roƙon ya daina “You see”, ga ni ina roƙon Allah ya sake faɗa ko sau ɗaya.

Ranar da abin ya faru, mun shimfiɗa masa tabarma a inuwar tsakar gida. Inna na gefensa tana yanka kuɓewa a faifai, kunun da ta dama masa ya huce bai taɓa ba. Haƙurinta ya ƙare.

“Ka sha ko kada ka sha, Malam, kai ka sani,” ta ce. “Shekara da shekaru kana cika mana kunne, yau da muke nema ka yi mana rowa. To bari ni in yi maka.” Ta ɗaga yatsa kamar yadda yake yi, ta kumbura murya. “Yu si, az e mata of fak, kunun nan ya huce. Kuma at di en of di...”

Daidai nan akuya ta tsoma baki a faifan kuɓewar. Inna ta bar maganar a rataye, ta yi kanta da muciya. Sai muka ji daga kan tabarma, can ƙasa-ƙasa:

“Day.”

Na miƙe zan yi ihu, Inna ta dalla min harara. “Ke, rufe min baki, kada ki firgita min shi.” Ta dawo ta zauna, ta ɗauki wuƙarta kamar ba abin da ya faru. Ta ce, “Me ma nake cewa? At di en of di...” Ta yi shiru tana yanka.

“Day,” in ji Baba, wannan karon da ɗan haushi. Mutumin da bai taɓa barin ɗalibi ya zauna bai ƙarasa jimla ba, yaya za a yi ya bar matarsa?

Daga nan Inna ta samu aiki. Ashe duk Turancin nan da take ƙorafi a kai yana cikin kanta, har da waɗanda ni na manta. Tana shara za ta ce, “Bi dat az it...” ta tsaya, shi kuma ya ce “may”. Da na tambaye ta yadda aka yi ta riƙe su, cewa ta yi, “Tun kafin a haife ki nake jin su safe da yamma. Ko bangon ɗakin nan kika tambaya zai karanto miki.”

Sannu a hankali ta juyo da shi Hausa. “Ina kwa...” ya ce “na”. “Alhamdu...” ya ce “lillahi”. Ta kama sunayenmu rabi-rabi, ta kama sunayen gonakinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta taɓa ce masa “faɗi kaza” ba. Kullum ita ce mai mantuwa, ita ce mai kuskure, shi ne mai gyara. Ni na mayar da shi ɗan aji ɗaya, ita kuwa ta mayar masa da kujerarsa ta hedimasta. Da muka koma asibiti likita ya saurare su, ya ce, “Hajiya, duk abin da kike yi, ki ci gaba.”

Gab da faɗuwar damina, wata safiya ta miƙa masa kunu. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ɗaga yatsan hagu. Ba wanda ya fara masa komai.

“You see,” ya ce. Ya huta. “As a matter of fact... ba sukari.”

“Likita ya hana,” in ji Inna. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Tun da ya faɗi ban ga hawayenta ba sai ranar.

Ya ƙara shekaru masu kyau bayan haka. Maganar ba ta dawo da saurinta na da ba, amma ya koma majalisarsa ta ƙofar gida, ya ci gaba da musu da dillalan tumatir, kafin Allah ya karɓi abinsa.

Har yanzu in na ji 'yan ofishinmu suna jera “actually” da “basically” a kowace magana, raina yakan ɗan sosu, hali ba ya tafiya. Amma na daina gyara kowa. Na ga lokacin da komai ya rufe wa mutum, 'yan kalmomin da ya fi tattakawa su suka zame masa hanya. Na kuma gane cewa matar da ta fi kowa mita a kansu ita ta fi kowa saurarensa. Ina alfahari da ita fiye da yadda na iya gaya mata.

Tana nan a ƙauye, ta tsufa, muna waya kusan kullum. Takan ba ni labarin wanda ya haihu da wanda tumatirinsa ya ruɓe, har in za mu yi sallama ta ce, “To 'yar nan, at di en of di...” Sai ta yi shiru tana jira.

Yanzu ni nake ƙarasa mata.