Masaukin da Baba Ya Zaɓa da Kunne

Ko shekara nawa Allah ya ba ni a duniya, ba na jin zan manta kwana ukun da muka yi ni da mahaifina a wani ɗan otal da ke can gefen birnin Katsina. Ni tela ne a kasuwar Batsari. Shi kuwa manomi ne a Wagini, mutumin da a da yakan ɗaga kai ya dubi sama ya gaya maka ko za a yi ruwa. Sai yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Shekara huɗu ya yi ba ya gane fuska, sai dai murya.

Da aka sa mana ranar aiki a asibitin ido, likita ya ce sai mun kwana uku a gari: ranar gwaji, ranar aiki, da ranar cire bandeji. Zuwa da dawowa bai taso ba, don a lokacin in la'asar ta yi ba mai hankalin da zai hau hanyarmu saboda 'yan bindiga. Gidan kawuna na birni kuwa ya cika da 'yan'uwan da suka baro ƙauye, har a zaure an shimfiɗa tabarmi. Ba yadda za a kwantar da mai ɗanyen aiki a ido cikin wannan cunkoso.

Burina shi ne in kai Baba wuri mai kyau, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Na ja shi zuwa wani babban otal kusa da asibiti. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta faɗi kuɗin ɗaki, na ga ya fi ƙarfina, don abin da ke aljihuna na aiki da magani ne. Na juya na ce, "Baba, wai ɗakunansu sun cika."

Muka fito muka shiga kurkura, keken nan mai ƙafa uku. Nan ya lalubo gwiwata ya dafa.

"Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau yake," in ji shi. "Na ji abin da ta ce. Daga yanzu kai ka riƙa tambayar kuɗi, ni zan zaɓi ɗaki."

Kunya ta rufe ni. Mai kurkura ya yi kamar bai ji ba, sai ya ce in sauƙi muke nema mu fita bayan gari, shi ya san wurare.

Na farkon da ya kai mu yana da araha, fentinsa sabo, ni har na fara murna. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ja numfashi sau biyu. "Warin taba da danshi," ya ce. "Ga kiɗa kamar gidan biki. Mu je." Na biyu ɗakin da ya rage a saman bene yake, injin wuta kuma na ruri a gindin taga. Wannan ko sauka daga kurkura Baba bai yi ba.

Na uku yana can inda kwalta ta ƙare, gidaje suka fara tsinkewa, gonaki suka fara.  Allon sunan ya karkace, bango duk ya ɗaɗɗaye, ɗakuna shida ne a jere kamar ajujuwan firamare. Wani dattijo mai kula da wurin ya taso daga gindin bishiyar bedi. Bai ko dube ni ba, ya wuce ya rusuna gaban Baba.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya? Ya hanya, ya mutanen gida?"

Suka yi ta gaisawa kamar sun shekara da sanin juna. Baba ya tambayi inda masallaci yake, da inda ake samun ruwa. Ya sa aka kai shi ɗaki, ya shafa zanen gado ya sunsuna, ya ce an shanya shi a rana. Ya kasa kunne yana saurare. Daga maƙwabta ana jin sakan turmi da kukan awaki.

"Nan ne," ya ce.

Na raɗa masa cewa wurin fa ba shi da kyan gani. Ya ce, "To wa zai gani?"

Washegari da muka dawo daga aiki, idonsa ɗaya a naɗe, sai muka tarar dattijon ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinmu zuwa banɗaki, wata kuma zuwa gindin bishiya. Ya ɗora hannun Baba a kai ya ce, "Bi wannan, ba sai an ja ka ba." Na tsaya ina kallon mahaifina yana tafiya shi kaɗai, buta a hannu, kafaɗa a miƙe. Shekara huɗu muna jan sa da hannu, mu 'ya'yansa, ba wanda ya taɓa tunanin igiya. 

Ranar da aka cire bandeji, ya daɗe yana ƙifta ido. Likita ya ɗaga yatsu, ya faɗi adadinsu daidai. Sannan ya juyo ya zuba mini ido, ya kai hannu ya taɓa gemuna.

"Kai, yaushe ka yi furfura?"

Na buɗe baki in amsa, sai kuka ya riga ni.

Da muka koma ɗaukar kayanmu, ya sauka daga kurkura sanye da baƙin tabarau, ya tsaya ya ƙare wa otal ɗin kallo. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "La'ilaha illallahu! Ashe nan na kawo mu?" Dattijon ma ya taya shi. Ni dai na sunkuyar da kai na ce ya yafe mini, na so in kai shi inda ya fi wannan.

Ya daina dariya. "Tun da idona ya rufe," ya ce, "duk inda aka kai ni sai a riƙa tambayarka me nake so, ina tsaye a wurin. Mutumin nan ni ya gaisar, ni ya tambaya. Wane otal kake da shi da ya fi haka?"

Baba ya yi damina shida bayan nan yana zuwa gonarsa da ƙafarsa, kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ƙaramin ƙarfi ba abin kunya ba ne, kuma masauki ba gini ba ne, mutanen da ke cikinsa ne. Shi ya sa yanzu in an kawo tsoho shagona awon riga, ba na tambayar ɗan da ya rako shi. Nakan rusuna in ce, "Baba, wane irin ɗinki kake so?"