Yadda Tero Ya Sauko Daga Kan Rufi

Gardamar da ta kayar da Eleuterio Sanabria kare ne ya yanke ta. A unguwarmu ta bakin kogi, a Puerto Ceibo, ba mai ce masa Eleuterio sai limamin coci da masu biyan fansho. Kowa Tero yake kiransa, sunan tsuntsun nan mai siraran ƙafafu da kwakwazo, kuma wanda ya taɓa ganinsa da gajeren wando ya san ba a zalunce shi ba.

Lahadi ce, ƙarshen kakar bara. Ƙungiyarmu ta Defensores ta sha da ƙyar daga faɗawa rukunin ƙasa, ba don ta iya ba, don wata ta fi ta lalacewa. Ana gashin nama a tsakar gidan Tero kamar kullum, sai Nicanor, ƙanin matarsa Delmira, mai shagon facin taya kuma mai tumbi, ya nuna shi da cokali.

"Mijin Yaya, ni fa na lura da wani abu. Wasa biyu muka ci a gida bana, kuma duka biyun kana kwance asibiti an yi maka aikin gwaiwa."

"To sai me?"

"Sai me? Farar ƙafa gare ka! Da ka zauna bayan raga sai ƙwallo ta gane hanya."

Tero ya miƙe da matsefin nama a hannu, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ni? Ni da ubana ya kai ni filin nan a wuya tun ban yi haƙori ba? Ina tafa wa Defensores lokacin kai ana wanke maka ɗuwawu! In dai ni ne mai farar ƙafa, Allah ya nuna alama yanzu-yanzu!"

Ya buga ƙafa a ƙasa don maganar ta zauna. To wayar gashin, shekara da shekaru ƙafarta ɗaya a kan rabin bulo take. Bulon ya goce. Haƙarƙari da hanta suka kife cikin toka, Almirante karen gidan ya suri igiyar chorizo, jan naman nan da ake cusawa a hanji, gaba ɗayanta ya fita da ita titi kamar mai jan tuta. Mata suka yi alamar gicciye, maza suka kai hannu inda ba zan faɗa ba, yadda ake korar mugun abu a garinmu.

Delmira ta kalli mijinta, ta kalli toka. "To," in ji ta, "ka tambaya, an ba ka."

Kafin Talata labarin ya gama gari.

A nan, a ce maka ɓarawo ya fi sauƙi. Ɓarawo yana zuwa filin wasa, har a ba shi wuri. Wanda aka ce yana da farar ƙafa kuwa, sunansa ma daina faɗa ake yi. Tero ya koma "wancan bawan Allah". In ya shiga gidan burodi sai ka ga hannaye a bayan riga an yi ƙaho da yatsu don neman tsari. Abokan kamun kifinsa suka fara mance gaya masa ranar fita. Mai aski, wanda Tero ya tsaya wa ɗansa a baftisma, ya riƙa taɓa katakon madubi don kariya kafin ya taɓa kan Tero.

Kuma wannan mutum ne da bai da wani abu a duniya sai Defensores da Delmira, kuma ita kanta ta san wa ke gaba. Direban bas ne har ya yi ritaya, layin tashar jirgin ruwa zuwa maƙabarta, kuma fasinjojinsa na safiyar Litinin daga yadda yake taka birki suke sanin sakamakon jiya. Ranar aurensa sai da aka duba jadawalin wasa kafin a duba na coci. Wurinsa a filin sananne ne: matakalar siminti bayan ragar kudu, kusa da ƙarfen da ya lanƙwashe. A ciyawar da ke gaban nan aka watsa tokar gawar ubansa, yadda tsohon ya bar wasiyya. Don haka duk Lahadin gida Tero ziyara biyu yake yi da tikiti ɗaya.

Da sabuwar kaka ta zo, ba wanda ya hana shi zuwa. Ba a ma buƙatar hanawa. Ya ciro rigarsa kore da fari, ya shinshina ta, ya mayar. Delmira ta ga yana zagaya gida kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai, ta ce, "Tunda ba ka da aiki, tankin ruwa yana yoyo." Ya ɗauki sifana da ƙaramin rediyo ya hau tsani.

Yana kan rufi Defensores ta ci biyu, baƙi ba ko ɗaya.

Da ya rufe bakinsa da shi ke nan. Amma ihun da ya yi daga sama har bakin kogi an ji, kuma Nicanor ya samu labari. Washegari ya iso da fuskar likita.

"Mijin Yaya, wace riga ka sa a saman?"

"Singileti. Ina ruwanka?"

"Ita za ka sa ranar Lahadi. Kada Yaya ta wanke. Da sifanan, da rediyon, a gefen tankin nan dai. Ka san ƙa'ida: abin da ya ci wasa ba a canza shi."

Kowa ya san ƙa'idar. Akwai mai safa ɗaya tun ana mulkin soja, akwai matar da ke kallon duk wasa da baya ga talabijin. Tero da kansa ya taɓa shekara bai ci lemu ba saboda wani bugun fenareti. Ya hau.

Aka je waje aka yi kunnen doki. Aka dawo gida aka ci. Aka sake ci. Defensores da muka saba nema daga ƙasan tebur, sai ga mu muna ɗaga kai kafin mu gan ta. Maƙwabta suka fara zuwa riƙe masa tsani. Mai gidan burodi ya aiko da kek. Mutumin da aka guje wa ya zama laya, sai dai laya ce da ake ajiyewa a kan rufi, cikin rana, da singileti mai warin da tsuntsaye ma suka canza hanya.

Daga saman yana hango fitilun filin da bayan allon ci. Ihun mutane yakan riga rediyo isowa, sai ya tsaya da baki buɗe yana jira a gaya masa na murna ne ko na zagi. In ya sauko, ya karɓi ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke zuƙa, daga hannun Delmira, sai ya yi mata sharhin da ba ta nema ba.

"Ba rufi ba ne, Mira. Mun samu gola mai hannu, shi ke nan. Na bara da ƙirji yake gaisawa da ƙwallo. Kuma sabon kocin ya gaya wa 'yan baya ba haramun ba ne su yi wa juna magana. Gaba har yanzu da sauranmu, Ledesma gudu gare shi kamar an biyo shi, amma in ya isa raga sai ya mance abin da ya kawo shi. Ni ba kofi nake roƙo ba. In kai ƙarshen kaka ba na lissafin wa zai faɗi, ya ishe ni."

"To in ba rufi ba ne, me kake yi a sama?"

Sai ya zuƙi mate ya kalli kare. Abin da bai faɗa ba, ita ta sani: tsoro yake kada gaskiya ne. In ya koma filin aka yi rashin nasara, ba zai ƙara zama kusa da ubansa ba har a watsa tasa tokar, in ma an yarda a watsa.

Abin da ya kawo ƙarshen zancen ƙaramin abu ne. Wata Lahadi yana saukowa ƙafarsa ta zame a matakin ƙarshe, ya zauna daɓas cikin tukunyar fure. Ya tashi yana dariya. Delmira ba ta yi dariya ba. Kafin mako ya zagayo ta ba wa mai fentin coci aron tsanin, ta ce kada ya yi gaggawar dawo da shi.

Ranar wasa da Las Garzas, masu jan tebur, Nicanor ya zo da tawagar riƙe tsani ya tarar babu tsani. Ya tarar da yayarsa ta ɗaura gyale kore da fari, rigar Tero a goge a kan kujera.

"Yaya, kin haukace? Las Garzas fa!"

"Ko garken Las Garzas ne. Na yi jinyar gwaiwa, ba zan yi ta ƙugu ba. Filin za mu."

"Da shi? Za ki kashe mu! Dole wani ya hau rufin nan!"

"To hau mana. Hannunka na riƙe?"

Nicanor ya dubi tawagarsa, tawaga ta dubi takalmanta. Ya fizgi sifana da rediyo. Singiletin ya ɗaga ta da yatsu biyu, ya rufe ido, ya zura, ta tsaya masa a saman cibiya. Ya taka katangar maƙwabta, ya kama reshen lemun tsami, mutum uku suna tura shi ta baya, har ya mirgina kan rufi yana nishi. Reshen ya karye ya biyo ƙasa.

A filin, da Tero ya zauna kusa da ƙarfen da ya lanƙwashe, mutane suka ja baya a hankali har aka bar musu fili kamar masu ƙyanda. Delmira ta baje, ta ce ba ta taɓa samun wurin miƙe ƙafa haka ba, ta fara ɓare gyaɗa. Shi kuwa ya kalli ciyawar bayan raga ya ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ga ni. Ka yi haƙuri in na jawo mana."

Ba a jima ba Las Garzas suka zura ƙwallo, a ragar da ke gabansa. Wani ya yi tsaki daga sama. Wani ya ce, "Ai dama." Tero ya yunƙura zai tashi, Delmira ta danne masa gwiwa ba ta ko kalle shi ba. Ana dab da hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya ba Las Garzas fenareti, a ragar nan dai. Filin gaba ɗaya ya juyo, ba gola ake kallo ba, Tero ake kallo. Shi bai ga komai ba, ya cusa fuska cikin riga. Sai ya ji ƙasa ta girgiza, gyaɗa ta zubo masa a wuya, Delmira tana dukan bayansa tana ihu, "Ya kama! Mai hannun naka ya kama!"

Bayan hutu aka juya, Defensores suka fuskanto kudu. Aka farke da ka daga bugun kusurwa. Ana shirin tashi Ledesma ya kwaso gudunsa, ya isa raga, ya mance abin da ya kawo shi kamar kullum, ƙwallo ta bugi gwiwarsa ta shiga da kanta. Filin da aka bar musu ya cike cikin ƙiftawar ido. Mai aski ya rungume shi yana kuka a kunnensa. Daga sama wani ya ƙwala, "Tero! Tero Sanabria!" Tun bara bai ji sunansa da ƙarfi a bakin kowa ba. Ya zauna a siminti yana sauke numfashi kamar wanda ya ajiye buhun masara.

Suka dawo gida da rabin unguwa a bayansu. Nicanor yana nan a sama, ba hanyar sauka, rana ta gasa shi ya yi ja kamar chorizo. Amma bakinsa bai mutu ba.

"Kun gani? Kun gani? Rufin ne! Da ban hau ba da an yi mana huɗu! Farar ƙafarsa ta ci mu ɗaya, ni na rama mana biyu!"

"Gola ne ya kama, kai!" in ji wani.

"Wa ya sa ya kama? A daidai lokacin na matse sifana!"

Gardama ta kaure, masu rufi da masu gola, har Almirante ya sa baki. Tero kuwa ya jawo kujera. Ya zauna, ya zuba ruwan zafi a ƙoƙo, ya zuƙa, ya miƙa wa Delmira. Sannan ya ɗaga kai, ya kare ido da hannu.

"Ai ni ban musa ba, suruki. Rufin yana aiki, kai ma kana aiki, yau mun ci masu jan tebur. Kuma kai ka tuna mini ƙa'ida: abin da ya ci wasa ba a canza shi. Ni a filin, kai a sama. Ranar Lahadi ka zo da wuri, kuma kada ka wanke singiletin."