Tsirkiyoyin da Na Ɗaure

Ƙarfe uku da kwata na ranar Asabar ɗin nan na zauna a bayan ɗakin taro a Ɗan Iya, na ciro bes ɗina, jitar nan mai kaurin sauti, daga jaka. Bikin ritayar wani malamin makaranta ne, kuma karo na farko da zan yi kiɗa a gaban jama'a. Baba, mawaƙinmu kuma mai ƙungiyar, ya riga ya faɗa mini cewa bayan wasan nan zai yanke ko na zauna da su ko na koma ga littattafaina.

A duk atisayen da muka yi, ɗansa mai kaɗa jita, wanda nake kira Yaya, shi ke karɓar bes ɗin ya saita mini tsirkiyoyi. Abin yana ci mini rai, na ɗauka raini ne, amma kunya ba ta bar ni na yi magana ba. Ranar na riga kowa zuwa, sai na buɗe manhajar saita sauti a wayata don na tabbatar. Na taɓa tsirkiya ta farko, allurar ta karkata hagu. Ta biyu ma haka. Duk huɗun sun sauka da rabin mataki daidai. Ashe wata da watanni da bes marar saiti nake kiɗa? Na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya har allurar ta tsaya a tsakiya, na mayar da shi jaka, ban gaya wa kowa ba.

Yaya ya makara, keke mai ƙafa ukun da ya ɗauko lasifika ya lalace a Gwallaga. Yana haɗa wayoyi ya tambaye ni ko wani ya taɓa bes ɗin tun jiya. Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka a'a nake nufi.

Bayan la'asar aka fara. Jita ta shiga, ganga ta bi, ni ma na shiga. Sautin da ya fito kamar ana jan ƙofar ƙarfe a kan siminti. Yatsuna suna inda ya kamata, na duba su sau biyu. Baba ya ɗaga murya ya bi jita, ya ji bes yana jansa sama, ya bi ni, muryar ta tsage a tsakiyar baiti. Matan da ke layin gaba suka kalli juna. Mai ganga ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Malama, kin bar mu kin kama hanyar Miri ne? Mu nan muke." Yaya ya miƙa ƙafa ya zare wayar lasifikata. Sauran waƙoƙin a tsaye na yi su, ina riƙe da bes ɗin da ba ya magana.

Da aka tashi, Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi yarinyar akwai natsuwa amma babu kunne, ya shiga mota.

Na sami Yaya yana naɗe wayoyi. Na nuna masa allurar a tsakiya, na ce nawa ne daidai, jitarsa ce ta sauka, kuma zan kai wa Baba ya gani da idonsa. Ya ci gaba da naɗi. Sai na tambaye shi, don me yake saukar da mu duka?

Ya duba ko motar ta fita, sannan ya ce, "Tun da Baba ya yi jinya muryarsa ba ta kai inda take kaiwa. Ni nake sauke jita, nake sauke naki, shi kuma yana tsammanin yadda ya saba yake rerawa. In ya ga wayar nan ba zai ƙara riƙe makirfo ba. Zan ce masa ni na manta ban duba miki ba. Ki zo atisaye ran Talata, ƙanwata, amma ki saita daga jitata."