Rumfar Motar Tasallah

A Lolo, in ka tambayi tsofaffi wa ya fara mallakar mota a garin, ta kansa ba ta gwamnati ba, za su ce maka Tasallah mai kifi. In ka ƙara tambaya wace irin mace ce, sai wani ya ce ba ta da daɗin zama.

A bakin kogin Kwara aka haife ta. Ubanta masunci ne, uwarta Badendiya daga Madekali, can ƙetaren iyaka, shi ya sa Hausa da Dendanci duk ɗaya ne a bakinta. Da Hausa take ciniki, da Dendanci take zagi. Ta auri wani masunci mai suna Lukmanu, suka haifi ɗiya guda, Mero. Shekara huɗu kafin Turawa su sauke tutarsu, Lukmanu ya fita su a sabon jirgi, bai dawo ba. Kwana uku aka yi kafin a ga gawarsa wajen Dole Kaina, jirgin kuwa aka same shi a tsage tun daga gindi.

Wanda ya sassaƙa jirgin Usuman ne, yayan Tasallah uwa ɗaya uba ɗaya, masassaƙi kuma kafinta. A wurin zaman makoki, ƙanen mamacin, Ɗanaudu, tsohon soja wanda ya koyi tuƙi a yaƙin Bama, ya miƙe a gaban jama'a ya ce da ruɓaɓɓen itace aka yi jirgin. Usuman ya ce dorina ce ta doke shi. Ba wanda ya gani, saboda haka ba wanda ya iya raba gardamar. Tun ranar ba su sake gaisawa ba. Ko a masallaci, in ɗaya ya tsaya dama, ɗayan sai ya nemi hagu.

Tasallah ba ta sake aure ba, ba kuwa don ba a nema ba. Ta kama bandar kifi gadan-gadan, tarwaɗa da giwan ruwa da ƙarfasa, tana ɗora wa jakai zuwa Illo da Tsamiya, wani lokaci har Ka'oje. Abin da ta samu ta riƙa sayen shanu tana bai wa Fulani kiwo.

Da Dahome ta sami mulkin kanta, wani Bature mai sayen auduga a Kandi ya shiga haɗa kayansa. Ɗanaudu ne ya ji labarin yana da akori-kura ta sayarwa, ya zo ya gaya mata. Ta kwana biyu tana nazari, sannan ta aika aka koro shanun. A ranin 1961 motar ta shigo Lolo, Ɗanaudu na tuƙi, Tasallah na gefensa ta ɗaure fuska kamar ba tata ba.

Bayan motar a buɗe yake, kuma rani bai nuna musu aibin haka ba. Ruwan farko ne ya nuna. Ya same su tsakanin Illo da Tsamiya da kwanduna cike, ba bishiya ba bukka. Kafin kwana biyu kifin ya yi fumfuna, tsutsa ta shiga, aka zubar wa karnuka.

Washegari da hantsi tana bakin wurin banda suna maganar rufi da Ɗanaudu, sai ga Usuman ya shigo da gizago a kafaɗa. Ba kiransa aka yi ba. Ya zauna a kan turmi, ya juya wa Ɗanaudu baya.

Ɗanaudu ya ci gaba da maganarsa. "Uwar Mero, tamfol za a sa. Haka muka yi ma motocin soja. A lanƙwasa ƙarhe huɗu, a ja tamfol bisa, a ɗaure da igiya. Ranar da ba a so, a cire."

"Tsumma ke nan," in ji Usuman, yana duban ƙanwarsa. "Rani guda rana ta cinye shi. Bari in yi miki ɗaki na maɗaci, kwano bisa, ƙofa baya da kwaɗo. Har jikokinki su gada."

"Tambaye shi," in ji Ɗanaudu, "ko da irin itacen da ya yi ma yayana za shi yi."

Usuman ya miƙe da gizagon a hannu. Tasallah ba ta tashi daga inda take ba, ta dai jawo bakin wuta daga murhu ta riƙe.

"Yaya, zauna. Kai kuma Ɗanaudu, mijina ne ya mutu, kuma ni ban aike ka ka yi min faɗa ba. Duk mai son kashe wani ya tahi bakin ruwa, nan wurin sana'a ne."

Ta zaɓi na yayanta. Maganar kwaɗon ce ta ja ta, don a kasuwar Tsamiya ba ta iya juya baya ba tare da an zare mata kifi ba. Akwai kuma bakin mutane, waɗanda za su ce tana da kafinta a gida ta tafi neman ɗinkin baƙi.

Mako uku Usuman ya yi yana aikin. Ya zuba katako mai kauri kamar mai gina ƙofar gari, don ya san idon wa zai duba. Maza takwas ne suka ɗaga shi suka ɗora, motar ta durƙusa ta baya. Ya shafa masa shuɗin fenti, mutane suka zo kallo har daga tungayen masunta. Ɗanaudu ya zagaya shi sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.

"Wagga makara ce," ya ce, ya shiga ya tada mota.

Ka'oje suka nufa. Akwai wani rafi kafin garin wanda yashinsa ke da zurfi, direbobi sun san sawun da ake bi. Tasallah ta ga sawun, ta kuma ga Ɗanaudu ya bar shi ya ratse hagu. Motar ta nutse har gindi. Ya fito ya tsaya riƙe da ƙugu, ya ce nauyi ne, ko giwa aka ɗora wa wannan katakon sai ta durƙusa. Tun hantsi suke wurin har bayan azahar, sai da manoma suka zo da faretani da rassan itace. Da aka buɗe kwaɗon a kasuwa, zafi ya bugo kamar tanderu. Kwanon ya dafa kifin, man ya tsiyaye, naman ya ragargaje, ga wari. Masu saye suka leƙa suka wuce.

Da suka dawo Lolo, Ɗanaudu ya ajiye makulli a kan tabarmarta.

"Ko ni ko akwatin."

"Na ga inda ka bi da mota a rafi," in ji ta.

"To nemi wanda ya fi ni sanin hanya."

Ta nema. Kwana goma sha biyu tana aike, Illo, Kende, Bagudo, ba ta sami mai tuƙi ba. Kifi na taruwa, mota na tsaye. Ita kanta ta san ko da ba a kafe a yashi ba, kwano ba abokin kifi ba ne. A rana ta goma sha uku ta sa aka sauke ɗakin, aka kai shi ƙofar gidan mai shi.

Usuman bai ce a mayar ba. Ya ɗauko gatari ya farfasa shi a gaban jama'a, ya ce duk mai son itacen girki ya ɗiba. Sannan ya taka har gidanta, ya tsaya daga waje.

"Kin zaɓi dangin miji."

"Kifina na zaɓa," ta amsa daga ciki.

Ɗanaudu da kansa ya je Kandi ɗinko tamfol. Ya dawo da wani kore mai kauri, ninki biyu, ya ce saboda ruwa. Maƙeri ya lanƙwasa ƙarafa aka ɗora. Ruwa kam bai shiga, motar kuma ta sami sauƙi, sai dai kifin yana gumi a ƙarƙashinsa, dole ta riƙa sa ana ɗage gefe ɗaya. Ɗanaudu ba ya son a taɓa tamfol ɗin, ko ɗagewar shi yake yi. Kuma duk jajibirin tafiya sai ya ƙetara Madekali da motar, wai fetur ɗin can ya fi kyau. Haka aka yi wata huɗu.

Wata ranar kasuwar Lolo da safe sun fito ke nan, sai ma'aikatan kwastan biyu suka tare su a shingen da aka kafa bakin gari. Ba su ko kalli kwandunan ba. Ɗayan ya hau baya, ya shafa tamfol, ya fid da wuƙa ya farke ɗinkin. Kwalayen taba sigari suka zubo. Ya ƙara farkewa ta ƙasa, sai ga kwalaben giya masu faɗi, kowace an naɗe ta da tsumma.

Kasuwa ta watse ta dawo bakin shinge. Aka tambayi Ɗanaudu kayan wa ne.

"Ni direba ne," ya ce. "Mota da mai ita."

Tasallah ta juyo ta dube shi. Waɗanda ke wurin sun ce sun jira Dendanci, amma sai ta kau da kai. Aka zaunar da ita a kan benci a rana, mace mai ɗiya budurwa, ga kwalaben giya an jera a gabanta, masu sayen kifinta na wucewa suna leƙe.

Wajen azahar Usuman ya ratso taron ya tsaya a kanta.

"Ni na faɗa musu," ya ce, bai ko sassauta murya ba. "Wata biyu ina ganin shi bayan rumbun wani ɗan Madekali shina cusa kaya. Ga tamfol ɗinki nan."

"Wata biyu kana sane," in ji ta. "Taku nawa ne daga ƙofarka zuwa tawa?"

"Da na faɗa miki, da kin yarda?"

"Da ban yarda ba. Amma da ka faɗa."

"Yanzu ai kin gani da idonki."

"Na gani, Yaya. Lolo duka ta gani. Abin da kake so ke nan."

Shari'ar ba ta yi tsawo ba. Dangin uwarta na Madekali suka ƙetaro suka ba da shaidar cewa Ɗanaudu ke sayen kayan, aka ɗaure shi wata shida. Ita aka ci ta tara, aka sakar mata motar, tamfol kuwa aka riƙe. Da Ɗanaudu ya fito bai kwana a Lolo ba, ya wuce Malanbil, can Dahome. Ko bikin Mero bai zo ba, ba a kuma aika masa goro ba.

Motar ta dawo gida da ƙarafa huɗu tsirara. Wannan karon Tasallah ba ta nemi shawarar kowane namiji ba. Ta tafi tunga wajen Iyatu, wata tsohuwa mai saƙa wa masu jiragen fatauci tabarmin rumfa. Ta kawo ta ta nuna mata ƙarafan. Iyatu ta auna da kamu, ta ce ba ta taɓa yi wa ƙarfe ba, amma jirgi jirgi ne. Ta saƙa tabarmin kaba masu ƙaramin ido, ta jera su bisa juna yadda ruwa zai gangara, ta bar tsaga a gaba da baya don iska, aka ɗaure da igiyar rama.

Ranar da aka gama, 'yan kasuwa suka yi ta dariya, suka sa wa motar suna bukka mai taya. Sabon direban da ta samo da ƙyar daga Ka'oje, wani Bafulatani mai suna Yero, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Inna, haka za mu shiga Bagudo?"

"In kunya kake ji, naɗa rawani ka rufe huska."

Suka shiga Bagudo haka. Kifin ya isa a bushe, da ƙamshin hayaƙinsa, bai yi gumi ba bai dahu ba. In an yi ruwa mai iska gefen baya yakan jiƙe, sai ta riƙa sa kwandunan wofi ko fasinja a nan. Fasinjan sun sha ƙorafi, takan ce wanda bai so ya sauka. Kowace shekara kafin damina ana sake tabarmi. Wata rana wani ya yar da guntun taba, rabin rumfar ya ci wuta a kasuwar Kende, ta bi mutumin da muciyar mai tuwo har bayan gari.

Motar ta yi aiki har lokacin yaƙin basasa, sa'ad da kayan gyara suka yi wuya. Ta tsaya a ƙofar gida shekara biyu, daga baya maƙera suka saye ta. Tasallah ta koma haya a motocin wasu.

Ita da Usuman sun yi shekara ashirin da wani abu a unguwa ɗaya ba magana. 'Ya'yansa na zuwa gidanta ta ba su kifi, Mero na zuwa gaishe shi, amma su biyun in sun haɗu a lungu kowa sai ya dubi bango. Da ya rasu ta je gaisuwa, ta zauna cikin mata, ta shafa fatiha. Wata dattijuwa ta matso ta ce mata tun da ya tafi, ta yafe masa.

"Wannan tsakanina da shi ne," in ji Tasallah. "Ba ki ciki."

Ni da tsufanta na san ta. Ƙafa ta hana ta tafiya, sai ta kafa teburinta a bakin tasha, inda motocin Kamba da na Bagudo ke lodi. Ba a ɗaure kaya a gabanta ba ta sa baki ba.

"Wanga ɗaurin ba shi kai Tsamiya," takan ce, ba tare da an tambaye ta ba.

Direbobi sun tsani jin haka. Wasu su ce tsohuwa ta ji da kifinta, wasu su yi kamar ba su ji ba su tada mota. Amma akwai wata bishiyar ƙirya bayan gari, inda ba a hango ta daga tasha, nan da yawansu ke tsayawa su sake jan igiya. Ta rasu a daminar 1985, a ɗakin Mero, bayan jinyar kwana tara.