Bangon da Inna ta hana a yaɓe

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani, mai zanen allunan shaguna da bayan manyan motoci a Gummi. Allah ya ji ƙansa. Har yau in na ji warin fenti sai ya faɗo mini a rai.

Yaya Sani bai yi makarantar zane ba. Malamansa tsofaffin kalandu ne, waɗanda direbobi ke kawo masa daga Gusau. Yakan tasa hoto ɗaya a gaba har abinci ya huce, yana mitar yadda aka yi ruwa ya fito kamar ya jiƙa takarda. Mu kuwa muna tsokanarsa cewa gulbinsa ya fi kama da kunun tsamiya.

Kwanan baya 'yata Hauwa'u ta nuna mini wani shafi a waya, inda gidajen adana zane-zane na duniya suka zuba kayansu kyauta. Ka buɗa hoto da yatsu biyu, ka ga har sawun burushi. Gani ya kori ji. Na daɗe ina kallon wani kogi da aka zana tun kafin a haifi kakanmu, ina ta cewa ina ma Yaya Sani yana nan. Da abin nema ya samu, kuma na san in ya riƙe wayata, ni da ita sai dai a mafarki. Kewarsa ta kama ni sosai a ranar.

Sai dai duk faɗin shafin babu aikinsa ko ɗaya. Motocin an sayar an sake musu fenti, allunan rana ta cinye. Abin da ya rage kwalekwale ne da masunci a tsaye, wanda ya zana a bangon ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Kowace shekara bayan damina akan sake yaɓen ɗakunan gidanmu, amma Inna ta hana a taɓa wannan bango. Yanzu ya tsage, magini ya ce da wuya ya kai wata damina, ga shi a gindinsa take kwana.

Na ɗauki hoton zanen da waya na kai mata, na ce ko an yaɓe bangon, ga shi nan an adana. Idonta ya yi rauni ƙwarai. Ta karɓa, ta shafa gilashin, hoton ya zame ya ɓace. Ta miƙo mini abata.

"Wanga sumul shike," in ji ta. "Ni da hannu nika ganin na Sani."

Sai a lokacin na lura fentin kwalekwalen ya koɗe daidai tsayin hannunta. Duniya ta iya adana abin da ido ke gani, na yarda, amma abin da ya rage wa Inna na ɗanta ba ya shiga waya. Mun mayar da gadonta ɗaya gefen, mun tokare bangon da azara, mun ce wa magini ya dakata.