Abokin Musun Baba

Babanmu ya yi shekaru yana tuƙa motar haya, kuma da ya ajiye sitiyari bai ajiye musu ba. In ka ce masa za a yi ruwa, sai ya leƙa taga ya ce a'a, ko da ɗigo ya sauka masa a hanci. Mu 'ya'yansa tuni muka koyi cewa "haka ne, Baba" mu wuce. Inna kuwa sai ta ƙara sautin rediyo.

Mutum ɗaya ne ke iyawa da shi, wato Mai Agogo, tsohon abokinsa mai ɗan shago a bakin titi, inda agogunan bango ke rataye kowanne da nasa lokacin. Da hantsi Baba zai ja kujerar roba ya zauna a ƙofar shagon, su yi ta sa-in-sa har rana ta karkata, su rabu kowa na cewa shi ya yi nasara. Ranar da suka yi musu mai zafi Baba ya fi cin abinci.

Sai Yayanmu ya saka masa manhajar nan a waya, wadda ake yi wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Baba ya raɗa mata suna Masaniya. Gaskiya ta yi masa rana. Ita ta koya masa canza robar famfon da ya daɗe yana zuba, ta fassara masa bayanin sabon injin wanki, da ya yi mata ƙorafin ciwon baya kuma ta ce ya je asibiti, ya tafi, abin da muka yi ta fama da shi ya ƙi.

Wata rana musu ya kai su kan wace sana'a ta fi wahala, tuƙi ko gyaran agogo. Baba ya zaro waya ya ce, "Masaniya, ni tsohon direba ne. Ba tuƙi ne ya fi wahala ba?" Ta jero masa yabo: rayukan mutane a hannunsa, doguwar hanya, ido ba ƙiftawa. Baba ya karanta da ƙarfi a gaban masu jiran gyara, har da maimaici.

Mai Agogo ya cire gilashin idonsa ya ce, "Tunda ka samu mai raba gardama, ni me zan yi maka? Je ka yi da ita." Washegari Baba ya tarar an shigar da kujerar robar ciki.

Ya dawo gida yana cewa ko a jikinsa. Ya zauna a falo zai yi musu da Masaniya, amma ina! Da ya matsa mata kaɗan sai ta ce, "Ka kawo hujja mai kyau." Ya juya maganar ta koma akasin ta farko, ta ce nan ma akwai gaskiya. Musu da ita ya zama kamar dukan filo. Baba ya yi shiru, abincinsa ya fara dawowa da saura, kuma wallahi na ji tausayinsa, duk da shekarun da na yi ina roƙon Allah ya kawo mana shirun nan.

Inna ce ta gaji. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Malam, ara mini wayar nan." Ta kai ta baki ta ce, "Baiwar Allah, ni mai gyaran agogo ce. Ba sana'ata ce ta fi tuƙi wahala ba?" Masaniya ta shiga yabon haƙuri da kaifin ido da hannun da ba ya rawa. Inna ta sake cewa, "To aikin gida fa?" Nan ma ta ce samun wanda ya kai shi wahala sai an tona.

"Ka ji alƙaliyarka," in ji Inna. "Kowa ya zo nasa ne. A kan wannan ka kunyata mutumin da ya san ka tun kana da gashi?"

Baba ya buɗe baki zai musa, ya rufe. Ban taɓa ganin haka ba.

Da safe na bi shi a baya, don ba zan yarda a ba ni labari ba. Ya tsaya a ƙofar shagon, bai ba da haƙuri ba, ai ba a san shi da wannan ba. Ya dubi babban agogon bango ya ce, "Wannan naka ya yi latti."

Mai Agogo bai ɗago ba. "Ka tambayi wayarka mana."

"Ita ko me na ce sai ta yarda."

Agoguna na ta ƙas-ƙas. Can Mai Agogo ya tura kujerar robar waje da ƙafa ya ce, "Ƙarya kake yi, Direba. Agogona daidai yake, idonka ne ya tsufa."

Fuskar Baba ta washe. Ya zauna, ya cusa wayar a aljihu, ya naɗe hannun riga ya ce, "Alhamdulillahi. Maimaita in ji."